Tsohon man oud na Asam a kasuwar Kano: yadda yake a fata, da abin dubawa kafin a biya

Man da za mu yi magana a kansa oud ne na Indiya, irin wanda 'yan kasuwa ke kira Hindi. Wani shagon turare da ke Fagge ne ke auna shi kwata tola-kwata tola daga wata gorar alminiyom da ba a ajiye ta a kan kanta, sai an tambaya ake ɗauko ta daga ciki. Mai shagon ya ce a Dubai ya saro shi, icen daga jihar Asam yake, babu sirki a ciki, kuma ya shekara 20 da tatsa. A ganinmu man na ƙwarai ne, tsufansa kuma ya fito a ƙamshinsa. Sai dai ba turaren da ake saya a tsaye ba ne, kuma shekara 20 ɗin magana ce ta baki wadda babu takardar da ta tsaya mata.

Tola ma'aunin Indiya ne, giram 11.66, amma a harkar turare an saba ɗaukar ta a matsayin kwalba mai mililita 12. Rabin tola mililita 6 ke nan, kwata kuma mililita 3. Kwalbar kwatar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma kuɗinta zai sayi manyan kwalaben turaren fesawa da dama. Farashin ba ya zama wuri ɗaya, domin da dala ake saro kayan. Abin da aka faɗa yau, in canji ya motsa a Wapa, gobe wani ne.

Wanda zai fitar da irin wannan kuɗi ya kamata ya san abin da yake saya. Bishiyar da ke ba da oud sunanta Aquilaria, tana fitowa daga arewa maso gabashin Indiya har zuwa Indunusiya. In lafiyarta ƙalau, icenta fari ne sakayau, babu ƙamshin komai. Sai ta ji rauni, ko tsutsa ta huda ta, ko iska ta karya mata reshe, ko mutum ya sare ta, fumfuna ta shiga raunin, sannan ta fara fitar da wani danƙo mai duhu tana kare kanta. Danƙon nan da ke ratsa icen shekara da shekaru shi ne oud. Icen da ya sha danƙo har ya ƙoshi, in aka jefa shi a ruwa nutsewa yake yi, kuma irinsa ba a cika ɓata shi a tukunyar tatsa ba, a garwashi ake ɗora shi. Turaren da ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar cikin Sahihu Muslim, inda yake turara aluwwa, wato icen oud, zalla ko ya haɗa da kafur ya ce haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi, icen ne ake ƙonawa. Man kuwa yawanci daga icen da bai kai wancan daraja ba ake tatso shi, da ɓarɓashin da ya zuba wajen sassaƙa.

A dawa, kaɗan ne daga cikin bishiyoyin ke yin danƙo, kuma an sare su har sun yi ƙaranci. Shi ya sa CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa nau'in Aquilaria malaccensis, wato na Asam, cikin jerin da ake sa ido kan cinikinsu a 1995, daga 2005 kuma aka haɗa duk dangin. Yawancin man da ke kasuwa yau daga gonaki yake, inda ake huda bishiyar da gangan a sa mata abin da zai tayar da danƙon. Garin Hojai a Asam shi ne cibiyar wannan sana'a a Indiya, can ne asalin kamfanin turare na Ajmal wanda Haji Ajmal Ali ya kafa a 1951. Yankin Silhet na Bangaladash ma yana tatsa, kuma mansa ɗan'uwan na Asam ne. Na Kambodiya da Tailan kuwa, wanda ake kira Kambodi, galibi daga wani nau'in ne daban, Aquilaria crassna, mai zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace tun shafawar farko. Yawancin mutanenmu da suka ce suna son oud, Kambodi suka sani, ko haɗin da aka yi don ya kwaikwaye shi. Hindi wani abu ne daban, kuma daga nan rashin fahimta ke farawa.

Dalilin bambancin yana cikin aikin tatsar. Ana niƙa icen, a jiƙa shi a ruwa daga 'yan kwanaki har zuwa wata guda ko fiye, don ya yi laushi ya saki mai. A cikin jiƙon nan icen yana ruɓawa kaɗan, yana tsami. Daga nan a juye shi da ruwansa a babbar tukunya, ta jan ƙarfe ko ta ƙarfe mara tsatsa, a rufe, a hura wuta a hankali kwana da kwanaki. Tururin yana bi ta bututu ya huce ya zama ruwa, man ya taso sama, a yaɗe shi. Sau da yawa kilo guda na ice ba ya ba da fiye da mililita ɗaya ko biyu. Masu tatsar Asam sun saba da dogon jiƙo, kuma shi ne ke ba Hindi warin nan na garke da fata wanda ke korar baƙo. Abin kamar daddawa ne: wanda ya shinshina ƙulli ɗaya a hannu ba zai yarda ita ce daɗin miya ba. Jiƙon da aka yi daidai yana ba man zurfi. Wanda ya zarce, ko aka yi shi da ruwa mara tsabta, yana barin ɗoyi wanda shekara 50 ba za ta gyara ba. Wutar da ta yi yawa kuma tana ƙona abin da ke gindin tukunya, ƙaurin ya bi tururi ya shiga man.

Bayan tatsa ana tace man, a shanya shi a buɗe don ragowar ruwa ya fita, sannan a adana. Masu tatsar turaren attar na garin Kannauj a Indiya a da cikin tandun fata suke zuba turarensu saboda wannan dalilin, fatar na barin laima ta fice man ya zauna. Abin da shekaru ke yi wa oud kuwa abu biyu ne. Sassan da suka fi sauƙin tashi, waɗanda su ne masu kaifi da yaji a hanci, suna ficewa a hankali. Ragowar kuma yana haɗuwa da 'yar iskar da ke cikin kwalba, ya ƙara kauri, ya ƙara duhu, gefunansa su goge. Tsufa ba ya ƙara wa mai abin da bai zo da shi daga tukunya ba. Mai mara kyau in ya tsufa, tsohon mai mara kyau ne. In kuma aka bar masa iska da zafi fiye da kima, sai ya mutu: ya yi kauri kamar ƙaro, saman ƙamshin ya tafi gaba ɗaya, a bar ka da nauyi kawai.

Kuskuren da aka fi yi a shago shi ne kai hanci bakin kwalba. Man zalla ne, ba a tsinka shi da komai ba, ƙarfinsa yana toshe hanci nan take, kuma abin da ke taruwa a wuyan kwalba shi ne mafi kaifin sassansa. Mutum ya shaƙa, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai wari ne, ciniki ya ƙare. Yadda ake yi shi ne a zo da fata mai tsabta, ba turare, ba man shafawa mai ƙamshi, ba sabulu mai ƙarfi. A ciro tsinken gilashin da ke jikin murfi, a share shi a bakin kwalba har ya rage ɗan laima kawai, a ja layi ɗaya wanda bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Kada a murza da ƙarfi, a ɗan dangwala da yatsa ya baje. Sannan a ƙyale shi minti biyar kafin a kusanto da hanci, kuma ko da an kusanto, a bar tazarar taƙi guda, a ja numfashi gajere sau biyu ko uku, a kau da kai.

Wurin shafawa ma abin lura ne a garinmu. Littattafan turare za su ce a sa a wuyan hannu, amma gwajin wannan mai yana cin awa shida zuwa takwas, kuma a tsakani akwai alwala. Wanda ya shafa a wuyan hannu da hantsi, azahar za ta wanke masa rabin labarin. A sa a damtse, sama da gwiwar hannu, inda ruwa ba ya kaiwa. Kada kuma a yi hukunci a cikin shagon, domin iskarsa cike take da hayaƙin turaren wuta da humra da madarar turare kala-kala. A ce wa mai kaya, "Alhaji, a ɗan shafa min, zan zaga in dawo bayan la'asar." Mai kayan da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba. Wannan shagon bai ƙi ba, kuma a wajenmu wannan babbar shaida ce a gare shi. In hanci ya gaji, ba sai an nemi 'ya'yan kofi ba, su ma ƙamshi ne a kan ƙamshi. A fita iska, ko a shaƙi hannun rigar da ba turare.

A ido, man ruwan ƙasa ne mai duhu, in aka ɗaga kwalbar a haske sai ja ya bayyana a gefe. Yana bin jikin gilashi a hankali, amma yana gudu, bai daskare ba. A fata yana sheƙi na ɗan lokaci sannan ya shige.

Minti 15 zuwa 20 na farko na garke ne, ba ɓoye-ɓoye: fatar da ta fito daga majema, ɗan tsamin cuku, da gumin dabba. Amma a nan ne tsufan ya fara nuna kansa. Sabon Hindi a wannan mataki yana sukar hanci, yana da wani kaifi da ke hawa har goshi, kuma yana iya riƙe warin nan fiye da awa guda. Wannan ba ya suka. Warin yana nan, amma a kwance yake, da ɗumi, kuma tun a minti na goma za a fara jin zaƙi na motsi a ƙarƙashinsa. Wanda ya san oud, wannan minti 20 ɗin ba jira yake yi ya wuce ba, yana cikin abin da ya biya kuɗi dominsa.

Daga rabin awa zuwa awa biyu shi ne zuciyar man, kuma nan ya fi burge mu. Fatar tana ja da baya, harawa busasshiya ta fito, da ganyen taba wanda ba a ƙona ba, da baƙin shayi da ya jiƙu sosai, da zuma mai duhu irin ta amya wadda ke da ɗan ɗaci a ƙarshe. Ɗacin nan ne ke riƙe zaƙin kada ya gundura. Abin da ya bambanta shi da haɗin kamfani shi ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka shaƙa yanzu ka ji taba, bayan minti goma zuma ce a gaba, in jiki ya yi ɗumi da tafiya sai fatar ta sake leƙowa ta koma. Haɗin da aka yi da sinadarai yawanci abin da ya faɗa a minti na biyar shi zai maimaita har dare. A wannan matakin ne kuma muka sami aibinsa guda: akwai wani siririn ƙauri da ke ratsawa wajen awa ta farko, irin na tukunyar da wuta ta ɗan yi wa yawa. Ba hayaƙin ice mai daɗi ba ne, ƙonewa ce. Shekaru sun rage shi, ba su share shi ba. Wanda bai saba ba ƙila ba zai lura ba, amma a man da ake neman wannan kuɗi a kansa, dole a faɗa.

Daga awa ta uku sai ya kwanta a jiki. Busasshen dabino, ɗan yajin kanumfari daga nesa, sannan ice tsantsa, mai zaƙi, mai sanyi, wanda ke nan har awa bakwai ko takwas. A wannan lokaci na kusa da kai ne kawai zai ji, wanda kuka gaisa ko kuka haɗa sahu. Masu son turaren da zai riga su shiga ɗaki ya kuma kwana bayan sun fita, wannan ba nasu ba ne, kuma ba aibi ba ne a wajen man. Oud zalla haka yake. Wanda aka shafa da safe yana cika falo har magariba da ƙarfi ɗaya, a yi zargin akwai sinadarin da ke tura shi.

Akwai dabarar da ta cancanci a gwada ga wanda ya saya: tsinkawa. A sami 'yar kwalba mai tsabta, a zuba ɗigo ɗaya na oud a kan ɗigo tara na man jojoba, wanda ba shi da ƙamshi kuma ba ya saurin lalacewa, a rufe, a bar shi mako guda ya haɗu. Ƙarfin da ke toshe hanci yana raguwa, sai abubuwan da nauyi ya danne su fito. A wannan man, tsinkawa ta kusan kawar da garken, ta fito da wani ɗan ƙamshin fure da busassun 'ya'yan itace wanda ba a ji sam a zallansa. Ƙaurin ma ya ragu. Masu hali suna tsinkawa da man sandal na gaske, sai dai shi yana kawo nasa ƙamshin, don haka haɗi ne ba gwaji ba. Kada a tsinka kwalbar gaba ɗaya, kuma kada a yi da man gyaɗa ko na zaitun, suna yin gafi cikin watanni su tafi da oud ɗin.

Sai maganar algus, wadda ita ce ciwon wannan kasuwa daga Asam har Dubai har nan. Abu mai tsada da ake aunawa da ɗigo, kowane hannu ya bi ta kansa yana iya ƙara masa wani abu. Akwai man da ake tatsa daga farin icen da bai yi danƙo ba, Indiyawa na kiransa boya, mai kitse-kitse, mara zurfi. Akwai mayukan wasu tsirrai masu kama da shi, kamar nagarmotha, ɗan'uwan kajijinmu, da saiwar jema. Akwai kuma waɗanda ba su da ƙamshi sam, aikinsu cika kwalba: man farafin, da gilisarin, da sinadaran da ake kira DPG da DOP. Na ƙarshen nan sinadari ne da ake tausasa roba da shi, Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan shafawa, amma yana da kauri da sheƙi irin na tsohon mai, shi ya sa maha'inta ke son sa.

Abin da za a iya yi a gida kaɗan ne, amma yana da amfani. A ɗiga ɗigo ɗaya a ƙaramin cokali na sifirit mai ƙarfi a girgiza: oud yana narkewa, farafin da man girki kuwa suna warewa su zama ƙananan ƙwallaye. A sa kwalbar a firji na awa guda: man da boya ta yi wa yawa yana yin gajimare ko ya daskare kamar kakide. A ɗiga a farar takarda a ajiye kwana uku: oud na barin tabo mai launi, amma in aka ga da'ira mai maiƙo ta zagaye tabon, takardar ta zama ana hango haske ta cikinta, akwai man da ba ya tashi a ciki. A fata kuma, man da ya ƙi shiga, yana nan yana sheƙi da danƙo bayan awa biyu, abin zargi ne. Wannan man ya tsallake duka huɗun. Amma a sani DOP na narkewa a sifirit, kuma haɗin da gwani ya yi yana iya tsallake gwajin gida. Na'urar ɗakin bincike da ake kira GC-MS, mai rarrabe sinadaran mai ɗaya bayan ɗaya, ita ce ke yanke hukunci. Kauri da baƙi kuwa, waɗanda su ne masu saye suka fi dubawa, ba hujja ba ne ko kaɗan. Akwai oud na gaske ruwan zuma mai tsinkakken jiki, kuma babu abin da ya fi kauri da baƙi sauƙin ƙirƙira.

Game da shekara 20, gaskiyar magana ita ce babu hukumar da ke tantance shekarun man oud a ko'ina. Bambancin yana fitowa in aka dubi wata sana'ar da ita ma shekaru take sayarwa. A Sikotilan, dokar 2009 da ta shafi giyarsu ta wiski ta ce dole ta yi aƙalla shekara uku a gangar icen oak, kuma duk lambar da aka rubuta a kwalba shekarun mafi ƙuruciyar abin da ke ciki ce. Oud ba shi da irin wannan doka. Mutum zai iya zuba tola ɗaya ta tsoho a kan tola goma ta sabo ya kira duka tsoho. Wani ma shekarun bishiyar yake nufi, mai saye ya ɗauka na man ne. Akwai kuma masu tsofar da mai da gangan, su bar shi a buɗe a rana ko su ɗumama shi, ya yi kauri da duhu cikin makonni. Irin wannan ana gane shi da cewa ba shi da farko: shafawa ɗaya sai nauyi, ba garke, ba harawa, ba tafiya. Man Fagge yana da farkonsa, ya kwanta ne kawai, kuma wannan halin man da ya tsufa a rufe ne. Hanci zai iya shaida cewa ya daɗe. Ba zai iya ƙirga 12 ne ko 20 ba. A biya kuɗin ƙamshin da aka ji a damtse, kada a ƙara ko sisi saboda lambar.

Shagon kansa yana da abin yabo da abin gyara. Mai kayan ya san bambancin Hindi da Kambodi, bai kira haɗi da sunan zalla ba, yana zubawa a gaban mai saye daga gorar da aka gwada, kuma yana yarda ya sayar da mililita ɗaya ga mai son ɗanɗanawa kafin ya shiga kwata. Wannan na ƙarshe shi muke ba kowa shawara, ba a cinikin biri a sama. Abin gyara shi ne kwalaben. Yaran shagon sun saba miƙo kwalba mai ƙwallon murzawa, irin ta madarar turare. Ba ta dace da wannan mai ba: ƙwallon na kwaso gumi da dattin fata ya mayar ciki, robar da ke riƙe shi kuma mai na cin ta a hankali. A nemi kwalbar gilashi mai tsinken gilashi, a kuma duba an wanke ta, domin ragowar miski ko wardi kaɗan ya isa ya canza mililita 3. Na biyu, babu wata takarda da ke nuna inda aka tatsa ko shekarar tatsa. Ga kayan da ake sayarwa da sunan shekaru, ya kamata masu sarowa su fara neman wannan daga dillalansu.

Yanayin Kano yana taɓa shi sosai. A bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, garken yana tashi da ƙarfi kuma komai na saurin wucewa. A rage shafawa zuwa rabi, a kuma shafa minti 30 kafin a fita, musamman ranar Juma'a ko wajen ɗaurin aure inda za a cakuɗu da jama'a. Ba kowa ne ya ɗauki alkawarin jure farkon Hindi ba, kuma akwai masu asma a kowane sahu. A hunturu busasshiyar fata na shanye man da wuri, sai a fara shafa ɗan man kaɗanya mara ƙamshi a wurin, a bari ya shiga, sannan a sa oud. Damina ce lokacinsa. Laimar iska na riƙe zuciyar nan ta taba da zuma ta daɗe fiye da kowane lokaci.

A tufafi yana kwana biyu ko uku, amma yana tabo, kuma tabonsa a farar shadda ba ya fita da sauƙi ko a wajen mai wanki da guga. In ana so a kaya, a shafa a tafin hannu, a murza har ya baje, sannan a shafi cikin hula ko cikin wuyan riga. Gemu ma yana riƙe shi da kyau. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ya fara gwada ɗan kaɗan ya kwana ya gani. Da shafa irin wadda muka kwatanta, kwata tola za ta yi fiye da sau ɗari, wato wanda ke sa shi Juma'a zuwa Juma'a zai kai shekara biyu da ita.

Ajiya kuwa, a tsaye, a rufe gam, cikin durowa a ɗaki mafi sanyi. Aljihun mota shi ne ya fi kashe turare a garin nan, yini ɗaya a rana ya isa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wanda ya sayi tola guda ya ɗebi na amfani a ƙaramar kwalba, ya bar babbar ba a buɗewa kullum, in ta yi rabi kuma a juye ta a wadda ta fi ƙanƙanta don iskar da ke samanta ta ragu.

Alhazai da masu umara da ke son kwatanta shi da na shagunan Makka da Madina, irin su Abdul Samad Al Qurashi da Arabian Oud, su lura da abu biyu. Masu shago a can suna saurin shafa wa mai wucewa, don haka wanda ke cikin harami ya janye hannunsa har sai ya sauke. Sannan rangwamen da CITES ta yi wa matafiyi na kayan amfanin kansa shi ne man oud mililita 24, wato tola biyu, da icen turarawa kilo ɗaya, da carbi biyu. Abin da ya haura haka yana buƙatar takardar izini.